Ragowar Shayin Yarana

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambayar ɗinkinsu da masu tambayar lafiyata, duk saƙonninku sun iso, karantawar ce ta gagare ni. Yau ina gani, bari in ba ku labari.

Daga allurar keken ɗinki abin ya fara. Ni da nake zura zare ina hira da mutane a shagona na Ƙofar Dumi, sai ga shi ina neman ramin allura ban gan shi ba. Na ɗora laifin a kan fitila, na sauya ta. Ban ga canji ba.

Sai ƙishirwa, sai yawan fitsari, sai rama. Maƙwabciyata ta ce taifot ne. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Na sha maganin duka biyun, jikina bai san ina yi ba.

Wata Talata da safe, na sa yara a keken da ke kai su makaranta ke nan, jiri ya zaunar da ni a bakin ƙofa. Abbansu ya kwashe ni sai asibiti.

Muka yanki kati, muka bi layi. Nas ta tsira min allura a yatsa, ta dubi ɗan injin, ta dube ni, ta sake tsira wani yatsan.

"Me kika ci da safen nan?"

"Ban ci komai ba."

Ba ta yarda ba, na ga haka a fuskarta. Aka ba ni gado, aka ɗaura min ruwa, aka ce ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Gwaje-gwaje da magani suka cinye abin da muka ajiye na kuɗin makaranta. Amma tsorona ɗaya ne, ido. Tela da ba ta gani, me ya rage mata?

Kuma na kasa gane kan zancen. Ba na shan lemon kwalba, alewa ba ta dame ni ba. Ina sugan ya fito?

A rana ta uku likita ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta ce in lissafa mata abincina tun daga kari.

Na ce, "Likita, ni ba na karyawa. Yara uku, mai keke yana danna oda ƙarfe bakwai, ina lokacin yake?"

Babbar 'yata Rumaisa tana gefen gado da kayan makaranta, ƙanwarta Jidda mai shekara shida tana kan cinyarta. Rumaisa ta ce, "Umma, ai kina sha. Kullum ke kike shanye ragowarmu."

Na buɗe baki zan musa, sai na tuna.

Kowace safiya shayi nake haɗa musu mai kauri, madarar gwangwani da suga cokali uku, da burodi. Babu mai shan ko rabi. Suna fita sai in bi kofuna ina shanyewa a tsaye, in haɗa da guntayen burodin. A gidanmu an tashe mu ba a zubar da abinci. Ni a wurina wannan ba ci ba ne, cikin aikin wanke-wanke yake.

Likita ta ce, "Maman Rumaisa, ba shayin kaɗai ba ne, kin ce mahaifinki ma yana da ciwon. Amma shayin ya taya shi aiki. Kuma abin da kike ba yaran nan, shi ma a sake duba shi."

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Ni da nake ganin shayi da burodi shi ne gata, koko da ƙosai na ranar babu ne.

Kwana biyar na yi aka sallame ni da magani. Ganin bai dawo lokaci ɗaya ba. Yau ya washe, gobe ya sake dushewa, in zauna in yi ta kuka. Sai a mako na bakwai na zura zare da kaina.

Ga yadda muke yi yanzu, ko zai amfani wata. Ina gyara wake tun la'asar, da asuba alala tana kan wuta muna wanka. Wata rana faten acha da alayyahu, wata rana dafaffen ƙwai da dankali da yankan gwanda. Kunun gyaɗa kuwa suga kaɗan, a ƙananan kofuna, mai son ƙari ya tambaya. Duk bai fi shayin cin lokaci ba. Ni kuma ina zuba nawa a kwanona, in zauna in ci.

'Yan uwa, in ƙishirwa ta yi yawa ko ido ya fara dishi-dishi, ku je a gwada jini, ku bar zagayen kemis. Kuma abin da kika ci a tsaye, shi ma ci ne.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da nas-nas, da Abbansu da ya koyi dafa ƙwai da girmansa.

Abu ɗaya ne har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba. Na lura Jidda tana shanye kununta tas ko ta ƙoshi, har tana yunƙurin amai, sannan ta kifa kofin ta nuna min. Jiya na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Umma, ai ni na fi barin ragowa. Ni na sa miki ciwon ko?"

Na ce mata a'a. Na faɗa sau uku, na rungume ta. Ta gyaɗa kai.

Yau da safe ma ta kifa kofin. Ku sa mu a addu'a.