Sifirin ɗin Motar Baba

A kasuwar tsofaffin motoci ta Dayton a Amurka, idon Loretta na kan wani dattijo mai karkatacciyar hula, durƙushe a bayan jar motar mahaifinta da aka sayar masa bayan rasuwar Baba. Yana shafa sifirin ɗin baya, falle bayan falle, har yatsansa ya tsaya kan wanda Baba ya ƙara da hannunsa.

"Wendell, cire tsatsar nan ka sa sabo mana," in ji abokin dattijon.

"Kai ma ka yi tsatsa, wa ya cire ka? Mai aikin nan, ko ban san shi ba, ɗan'uwana ne."

Loretta ta ƙura wa sifirin ɗin ido. Ita 'yar Baba, hotuna kawai suka rage mata. Baƙo ne ke gaisawa da Baba kullum.