Hanyar da Ta Ratsa Shagon Baba Mai Walda

Kowace safiya, da zarar Baba Mai Walda ya jiyo hayaniyar 'yan makaranta, sai ya kashe inji, ya ture rodi gefe da ƙafa, ya buɗe ƙofar baya. Yara su shigo ta gaba, su ratsa shagon, su fice. Haka ma in an tashi. Autata tana cikinsu.

Unguwarmu a da gonaki ce. Aka yanka filaye aka sayar, kowa ya ja katanga har iyakarsa, ba wanda ya bar wa wani taku ɗaya. Lungunanmu ba sa ɓullewa. Makaranta tana bayan shagon Baba, muna jin ƙararrawarta daga gida, amma da aka toshe 'yar hanyar ƙarshe sai yara suka koma zagayawa ta babban titi, inda tireloli ke gudu ba wurin raɓewa. Na taɓa ganin iskar mota ta kusa kayar da yarinyata.

Baba ne ya fasa bangon shagonsa ya sa ƙofa, ba wanda ya roƙe shi. Mai faci da ke kusa ya ba ni labarin wani direba da Baba ya dakatar da waldar motarsa don yara su wuce.

"Haba Baba, fasinja na jira fa! Kai mai walda ne ko mai gadin makaranta?"

"Duka biyun. Tartsatsin nan bai san idon yaro ba. Samu wuri."

Bana idon Baba ya gaza, ya ce zai bar wa babban ɗansa shagon. Sai ga bulo an sauke: ɗan zai toshe ƙofar baya. Mu iyaye muka taru muka yi cirko-cirko, don mun san wurin nasu ne.

"Baba, shagon ya yi min kaɗan," in ji ɗan. "Har yaushe za mu zama titi?"

Baba ya laluba ya ɗauki guntun rodi, ya ja layi a ƙasa, daga ƙofar gaba zuwa ta baya.

"Ja bangonka a nan. Wancan gefen na yara ne."

"Ai ka ƙara matse ni ke nan!"

"Naka ɗan ma ta nan zai bi, in ya yi ƙafa."

Ɗan ya dubi layin. Sai ya ce wa magini ya kawo igiyar awo, a ja bangon a kan layin.

Baba, kai ne ka rage naka don namu su dawo gida lafiya. Ba mu da abin biyanka. Allah ya saka, ya ba idonka sauƙi.

Ku kuma masu sabon gini a can gaba, inda gari ke ta miƙewa: kafin ku aza bulon ƙarshe, ku leƙa bayan katangar ku ga wanda za ku tura bakin titi.