Ɗakin da Na Shafe da Sumunti

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Ɗanjuma magini. Ranar Talata ce, gab da kiran La'asar, a ƙarƙashin rumfar gidansa da ke ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla. Mu uku muke kansa: ni, da matarsa Hawwa, da limamin unguwa. Wasiyya ɗaya ya bar mini: kada in bari damina ta sauka a kan ɗakin da ya gina wa mahaifiyarmu ba a yaɓe shi ba.

Wanda bai san ƙasar yankinmu na Jazira ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Baƙar laka ce. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta zurma, da damina ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka aza mata. Yaya ya san halinta. Kafin ya kafa gini sai ya haƙa rami, ya cika shi da ruwa, ya dawo bayan kwana uku ya duba yadda ta sha. Yakan shimfiɗa yashin kogi a tushe, sannan ya ɗora laka hawa-hawa, ba ya ƙara wani sai na ƙasa ya bushe. Tagoginsa ƙanana ne, ɗaya arewa ɗaya kudu, tulun ruwa a tsakaninsu. A jikin bango yakan fafe alkuki don fitila da Alƙur'ani. Kowace shekara kuma sai zibala, wato yaɓen laka da kashin dabbobi.

Ni kuwa a makarantar mishan aka horar da ni, inda layin da ya karkace kuskure ne mai jawo bulala. Na taɓa ɗora igiyar awo a bangonsa a gaban jama'a, na nuna masa inda ya kauce. Ya yi murmushi ya ce, "Ustaz, takardarka ba ta kumbura da damina. Ƙasar ga kuwa tana yi. Bangon da ya ƙi rusuna mata, karyewa shika yi."

Shekara biyu na riƙe wasiyyar. A ta uku warin zibala da tudu da kwarin bangon suka ishe ni, na sa aka shafe ɗakin da sumunti ciki da waje, sumul. Hawwa, wadda ta koma zama a ɗakin, ta tsaya a ƙofa ta ce, "To, ta ina zai riƙa shan iska?" Na amsa mata cewa na yi yaɓen da ba ya bukatar maimaitawa. A zatona girmama Yaya na yi. Ashe garin neman gira zan rasa ido. Damshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa mafita, ya zauna yana cin lakar ta bayan sumuntin. Ɗakin ya ɗauki zafi, Hawwa ta fitar da gadonta rumfa. In na ƙwanƙwasa bangon sai in ji shi kamar ganga, amma girman kai ya hana ni fasa aikina.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga gidajen bulo da kwano da ke tasowa yau a hanyar Dinder, sababbi amma a tsage, masu su na kwana a waje suna jiran wutar fanka. Na san ba zai yi faɗa ba. Tambaya kawai zai yi, ko an nemi shawarar ƙasar kafin a hau kanta. Ni dai ba ni da bakin sukar kowa.

Abin da ya rage na Yaya yana gidajen maƙwabta waɗanda ba su taɓa riƙe igiyar awo ba. Ɗakunan da ya gina musu suna tsaye da karkatarsu, domin matan gidajen ba su fasa yaɓe ba ko shekara ɗaya. Su ne magadansa na gaskiya, ba ni da muka sha nono ɗaya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.

Ɗakin mahaifiyarmu ya faɗi a daminar bara, ranar ruwa na uku. Ba a rasa rai ba. Hawwa ta koma Rusairis wajen ɗiyarta.