Kunnen Yaya Gide

A Tafoki idan aka ce maharbi, to yayana Gide ake nufi. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Da naman fakara da zabin daji da zomo ya ciyar da gidanmu, da su ya yi mini aure. Mutum ne mai ƙarancin magana, ga zuciya. Ka kira shi marowaci, dariya zai yi. Amma ka ce ya yi kuskuren harbi, wallahi sai ka yi wata ba ka ji sallamarsa ba.

To, idanun nan nasa ne suka fara dushewa. Ni na lura, matarsa Suwaibatu ta lura, amma wa ya isa ya faɗa? In mutum ya tunkaro shi, ba ya kiran suna sai ya ji murya. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mu je a duba shi. Ya juyo ya ce, "Audi, ni kake ma kallon makaho?" Ban ƙara ba. Kuma kullum sai ya dawo da nama, domin da kunne yake harbi. Fakara ta yi kuka cikin ciyawa, ya saita wurin, shi ke nan.

Abin nan ya hana ni sukuni. Tun da daji ya lalace da ɓarayi masu bindiga, ba mai yin nisa. Masu itace, mata masu tsintar ganye, masu yankan ciyawa, kowa ya takure a bakin gonaki, kuma nan Yaya ke yawo da adakarsa ɗure da albarushi. Duk safiyar da na ji ƙarar bindiga sai gabana ya faɗi, in tsaya ina saurare ko kururuwa za ta biyo baya.

Ni ban iya harbi ba, tarko nake ɗanawa, shi ma ba wani abin kirki. Ran nan a kasuwar Ƙanƙara, mai tura waƙoƙi a waya ya sa mini kukan fakara. Ya ce in na kunna, da ƙafarsu za su zo. Kai, ashe gaskiya ne! Cikin mako guda na kama bakwai. Ban gaya wa Yaya ba, don na san abin da zai ce: farauta da waya aikin ragwaye ne. Wautar da na yi ke nan, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Wata safiya bayan an yanke gero, na ɗana tarko a gindin wata sabara, na aje wayar kusa da shi, na kwanta rub da ciki a ciyawa, taku biyu tsakanina da ita. Hantsi ya fara dubawa. Wayar na ta kuka, ni kuma ido na kan tarko. Can sai na ji ƙas, an ɗaga kunamar bindiga. Na san wannan ƙarar tun ina ƙarami.

Na ɗago ido. Ga Yaya tsaye bai fi taku ashirin ba, ya karkatar da kai yana saurare, bakin bindiga na bin kukan a hankali har ya tsaya daidai inda nake. Idanunsa a buɗe suke, a kaina suke, kuma ba ya ganina. Tsoro irin wannan ban taɓa ji ba. Na buɗe baki in ce Yaya, ban kai ga furtawa ba. Sai bindiga ta tashi.

Kamar an watsa mini garwashi a cinya da kwiɓi. Wayar ta yi shiru. Na ji takunsa yana zuwa, ya durƙusa yana lalube cikin ciyawa, yana neman tsuntsuwarsa. Hannunsa ya sauka kan ƙafata. Ya shafa ta, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya janye hannun kamar ya taɓa maciji.

"Innalillahi! Wane ne? Don Allah wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Kukan da ya yi, ba na fatan in sake jin irinsa. Ya cire rawaninsa ya ɗaure mini cinya, ya rataya bindigar a wuya, ya goya ni. Taku kaɗan ya yi karo da kututture. Ya tsaya yana haki, ya ce, "Audi, ka riƙa faɗa mani hanya." Haka muka taho, jinina na bin bayansa, ina cewa dama, hagu, ga rami nan. Duk sanda na yi shiru sai ya girgiza ni, "Yi magana! Kar ka mutu mani, yi magana!"

Kafin mu kai bakin gari an gan mu. Mata suka fara kwashe yara, maza suka fito da gora da adduna. Aka shimfiɗe ni ƙarƙashin dalbejiya ana neman babur da zai kai ni Faskari. Mai unguwa ya sunkuyo ya ce, "Wa ya harbe ka?"

Na dubi Yaya. Na tuna shekara arba'in da ya yi yana gina sunansa. Na ce, "Ban ga ko wane ne ba."

Ban san na kunna wuta ba. Nan take wani ya ce ai ba sai an tambaya ba, mutanen rugar tsallaken rafi ne, su ke kawo ɓarayin daji. Wani ya ce yau sai an tashe su. Mutanen nan tare muka girma, matansu ke kawo mana nono kullum. Na ga maza sun fi talatin sun juya sun nufi rafi, na yi ƙoƙarin ɗaga murya, ƙarfina ya ƙare. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na cikin ciyawa.

"Ku tsaya!"

Yaya ne. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Kowa ya waiwayo.

"Ba wanda ya shigo mana. Ni na harbi ƙanena. Kuka na ji, na harba. Shekara biyu ke nan ba ni gani, inuwa kawai nike gani, na ɓoye maku."

Suwaibatu ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya cire bindigar daga wuyansa, ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, "Mai unguwa, amshi." Ya miƙa ta gefen da babu kowa. Sai da mai unguwa ya zagayo ta gabansa sannan ya karɓa.