Dusar da Sadiyya Ta Shanya

Shekara talatin Mamuda yana noman tumatir a lambun gadonsu da ke Kanya Babba. Ba shi da wata sana'a. Rani uku a jere tumatirinsa yana yaushi tun kafin ya yi fure, in ya tuge sai ya ga saiwar duk ƙulli-ƙulli. Ya zuba toka, ya ƙona kara a kan ƙasar, ya yi feshi, duk a banza. Ƙannensa suka ce in bana ma haka ne, za a sayar wa masu buga bulo a raba gado.

Malamin gona a Babura ya ce masa tsutsa ce da ido ba ya gani. Ya ba shi ƙullin dusa wadda ta yi fumfuna koriya shar, ya ce fumfunar ce maganin, ita ke cinye ƙwan tsutsar a cikin ƙasa. A ajiye a inuwa, a cakuɗa da taki ranar dashe. Mamuda ya tura ƙullin bayan randa, bai gaya wa kowa ba, don ba ya shawara da mata kan lambu.

Matarsa Sadiyya kuwa ba ta taɓa ganin fumfuna ta ƙyale ba. Ta baza dusar a tabarma, ta sha ranar kwana biyu, sannan ta tankaɗe ta tas.

"Malam, ga dusarka na gyara. Wa ya cuce ka da ruɓaɓɓiya?"

"Ina koren?"

"Na zubar mana. Ko akuya ba za ta ci ba."

Ya zauna a bakin ƙofa. "Sadiyya, lambun kika zubar."

"To ai da ka buɗe baki! Ni boka ce?"

Ya koma Babura a kan babur. Malamin gona ya ce rana ta kashe fumfunar, sabuwa kuma sai bayan sati biyar. Irin tumatirin Mamuda ya riga ya kai dashe, ba zai jira ba. Haka ya dasa, ya barbaɗa busasshiyar dusar a kowane rami, Sadiyya na binsa da ruwa.

Sati na huɗu ganyen layin farko ya fara lanƙwasa. Ranar Juma'a ƙaninsa Ashiru ya zo lambun da wani mai buga bulo da igiyar awo. Mamuda bai ɗago ba, ya ce su taka a hankali, akwai shuka.