Laccar da Gaisuwa ta Cinye

A Jos ɗin da na yi karatu, malami yakan shigo aji ya ɗauki alli ya fara. Yanzu ba a buɗe baki a taro sai an gaida kowane mai babbar riga da sarautarsa.

Na yi shekarun ƙarfina a Jamus da Japan, ina aiki a kan injin da ke riƙe iskar gas mai zafin da ya fi na cikin rana, da maganaɗisu kawai, don a samu lantarki. Fannina shi ne gefen wutar, wato wannan iskar mai zafi. Idan ɗan datti ya ɓalle daga bangon injin ya shiga nan, sai ya riƙa fitar da zafi a matsayin haske. Wurin ya huce, hucewar ta ƙara masa haske, hasken ya ƙara sanyaya shi, har wutar gaba ɗaya ta iya mutuwa.

Wannan na shirya faɗa wa ɗalibai a makarantar jikata da ke hanyar Bukuru, ranar da suka gayyace ni. Lokacin za ta zaɓi aji ne, kimiyya ko kasuwanci. Ubanta, ɗana, kasuwanci yake so. Ita kuwa ta ce sai ta ji abin da kakanta ya yi da rayuwarsa tukuna.

Mai gabatarwa ya gaida shugaban taro, uban taro, uwar taro, babban baƙo da wakilin wanda bai zo ba. Kowannensu ya miƙe ya sake gaida sauran. A Jamus da tuni wani ya ƙwanƙwasa tebur don a taƙaita. A Japan kunya kaɗai ta isa ta zaunar da mutum. Yara suna tsaye a fili, hadari yana haɗuwa, ba wanda ya dube su.

Da aka zo kaina, mai gabatarwar ya raɗa mini, "Baba, a taƙaita, oga babban baƙo zai wuce wani taron."

Na fara bayanin maganaɗisu ke nan ruwa ya sauko. Manya suka ruga motoci, yara suka watse.

A mota na ce wa jikata zan yi mata bayanin a gida. Ta ce, "Bar shi, Kaka. Na ga waɗanda aka tsaya aka saurara, masu manyan riguna ne."

Ta shiga ajin kasuwanci, kuma ba ta sake tambayata game da aikina ba.