Daron Ƙasar Kaka

Kakana Bamaguje ne, bai taɓa shiga coci ko masallaci ba. Da cutar yana ta rufe masa idanu, Baba ya ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidanmu na Tarauni don a yi masa aiki. Aka yi na dama, aka ce na hagu sai bayan wata guda.

Kaka ba ya kai komai baki sai ya fara zuba wa ƙasa kaɗan, rabon iyayensa da suka rasu. Gidanmu kuwa tayil ne a ciki, siminti a waje. Ya zuba kunu a tayil, Mama ta taka, ta tafi suuu har kicin kamar an turo ta a baro. Baba, dattijon coci, ya ce ba a gidansa ba. Kaka ya ture kwano.

Fastonmu ya zo dubiya daga Gyaɗi-Gyaɗi, ya ga kwanon. Washegari sai ga shi a adaidaita da daro cike da jar ƙasa.

Ya ce wa Kaka, "Baba, ga ƙasa. Ku zuba, ku ci."

"Ba wa'azi za ka yi mini ba?"

"Zan yi, in kun ba ni izini. Ku ci tukuna."

Kaka ya ci. Duk Laraba suna hira, har ya fara tambaya ko Yesun nan ya taɓa noma.

Ni na ɓata komai. A taron matasa na ba da labarin daron, na ƙara baƙin bunsuru, na ƙara Fasto yana zagayawa da ƙafa ɗaya. Aka yi dariya har wata ta faɗo daga benci. Kafin Lahadi bunsurun ya zama uku, labarin ya isa kunnen dattawan coci.

Suka hana Fasto zuwa gidanmu. Na je na ce ƙarya na yi, suka ce yarinya na rufa wa babba asiri.

Baba ya juye daron a kwata. Kaka ya kwana biyu bai ci ba, a na uku ya ce a kai shi tashar Unguwa Uku. Ni na riƙe masa sanda.

"Kaka, saura ido ɗaya fa."

"Amarya, wanda aka buɗe ya ishe ni. Na ga gidan ɗana."

Har yau hagun a rufe yake. Daron yana nan, a ciki nake wanke-wanke kullum.